Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitocin jijiyoyi da na zuciya, a kan tambayar "zan warke kuwa?"

Ya ku likitoci masu duba cututtukan jijiyoyi da na zuciya, tare da malaman da ke horar da masu tasowa a cikinku,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe. Ni ba likita ba ne, ban taɓa sa farar riga ba. Uba ne ni, wanda ya shekara huɗu yana raka 'yarsa daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, kuma ƙane ne ga wani bawan Allah da ciwon suga ya ci masa jijiyoyi a hankali har ya kai tsayuwar minti biyu tana gagarar sa. Ɗan abin da na sani game da larurar jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da gudun jini a kan bencin jira na koye shi, da kuma dararen da barci ya ƙaurace mini na zauna ina karanta abin da 'yan uwanku masana suka rubuta. In na yi kuskure ku gyara mini, ku ne masu abin. Amma akwai magana guda da nake roƙon ku saurara daga bakin mai zama a kujerar majinyaci, kuma ta shafi tambayar da ake yi muku a ƙarshen ganawa, sa'ad da kun riga kun fara rufe fayil: "Likita, zan warke kuwa?"

'Yata tana da shekara 16 zazzaɓi ya kwantar da ita na mako guda. Zazzaɓin ya wuce, amma yarinyar ba ta koma yadda take ba. Tana miƙewa tsaye sai jiri ya kwashe ta, zuciya ta kama dukan uku-uku, ido ya rufe, hannu ya ɗauki rawa. Wata safiya na leƙa na tarar da ita zaune dirshan a ƙasa, ta jingina baya da bango tana goge baki, don tsayuwa a gaban madubi ta fi ƙarfinta. Ba ta ce da ni komai ba, ta dai ɗago ido ta kalle ni, kumfa a bakinta. An auna zuciya, lafiya lau. An ɗebi jini, lafiya lau. An ɗauki hoton kai, lafiya lau. Duk a kwance ko a zaune aka yi mata waɗannan gwaje-gwaje, ciwon kuwa sai ta tsaya yake zuwa. Daga nan aka fara cewa damuwa ce, tsoron jarrabawa ne, ƙuruciya ce. Wani ma ya ja ni gefe yana tambaya ko akwai matsala a gida.

Sai bayan wata 19 wani matashin likita ya ce ta kwanta ta huta, ya ƙirga bugun zuciyarta, 72 a minti. Ya ce ta miƙe ta tsaya cak. Kafin minti shida bugun ya kai 124, awon jininta kuwa bai sauka ba. Ya ce wannan ita ce larurar da ake kira POTS, wato harzuƙar bugun zuciya idan mutum ya miƙe tsaye. Har gobe ina yi wa wannan likita addu'a. Amma da ta tambaye shi ko za ta warke, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ciwon jijiyoyi ne, ba shi da magani, sai haƙuri." Kalmomin da aka faɗa wa yayana ke nan shekara biyu kafin nan, ba ragi ba ƙari. Yau ita tana jami'a, tana hawa bene da ƙafarta. Shi kuwa jijiyoyin da suka mutu ba su dawo ba, ba kuma za su dawo ba. Magana ɗaya aka yi wa mutum biyu da makomarsu ta sha bamban kamar gabas da yamma, kuma duka biyun ta cuce su. Ita ta karya mata gwiwa alhali hanya na gabanta a buɗe, shi kuma ta sa ya naɗe hannu a lokacin da akwai sauran abin da za a ceto.

Tunda wasiƙar a buɗe take, ku yi mini izini in yi wa sauran masu karatu bayanin abin da ku kuka sani tun kuna aji. Kalmar jijiya tana ɗauke da kaya da yawa, akwai ta jini, akwai mai ɗaure nama da ƙashi, akwai mai kai saƙo. Waɗanda nake magana a kansu su ne jijiyoyin saƙo masu tafiyar da ayyukan da ba mu ne ke ba da umarninsu ba: bugun zuciya, tsukewa da sakin hanyoyin jini, gumi, narkar da abinci, riƙe fitsari da sakin sa, buɗewar ƙwayar ido, kuzarin namiji. John Langley na Jami'ar Kambirij shi ya raɗa musu suna a 1898, sunan da ke nufin masu cin gashin kansu. Wani reshe yana zaburar da jiki, wani yana kwantar da shi. Duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye, jinin da ya kai rabin lita zuwa lita guda yakan gangara ƙafafu da ciki. Wasu 'yan ma'aunai da ke wuya da kuma kan babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya sukan ji canjin, su aika saƙo zuwa gindin ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙoƙi kaɗan hanyoyin jini su tsuke, zuciya ta ɗan ƙara gudu, jini ya koma sama. Sarƙa ce doguwa, kuma tana iya tsinkewa a ƙwaƙwalwa, ko a laka, ko a mahaɗun jijiyoyi, ko can ƙarshe a siraran rassa. Ko'ina ta tsinke, abin da majinyaci zai kawo muku kusan iri ɗaya ne: jiri, suma, kasala, faɗuwar gaba.

Shi ya sa kalmar disotonomiya, wato rikicewar aikin waɗannan jijiyoyi, da kuke rubutawa a kati ba sunan cuta ɗaya ba ce. Kamar zazzaɓi take. Ba wanda zai ce wa mai zazzaɓi ba zai warke ba tun bai san ko mura ce ko sanƙarau ba. Don me masu wannan larura kaɗai ake yi wa kuɗin goro?

Akwai waɗanda warakarsu na cikin ledar magungunan da suka shigo da ita. Dattijon da jininsa ke sauka da maki 20 a lambar sama, ko 10 a ta ƙasa, cikin minti uku da miƙewa, sau da yawa ba jijiyoyinsa ne suka mutu ba. Maganin hawan jini ne ya yi masa yawa, ko mai sa yawan fitsari, ko wanda ake ba maza don sauƙaƙa fitsari, ko wasu tsofaffin magungunan damuwa da ake bayarwa don barci da raɗaɗi. A gyara awo, jirin ya tafi kamar an yi ruwa an ɗauke. Haka wanda ke da ƙarancin jini, ko ƙarancin bitamin B12, ko matsalar maƙoƙo, ko doguwar kwanciya ta sakar masa jiki. Haka kuma mai sumar nan da aka saba gani a wurin cunkoso ko wajen ganin jini, wadda kusan mutum huɗu cikin goma kan yi ta ko da sau ɗaya a rayuwa. Idan an tabbatar zuciyarsa lafiya take, abin da yake buƙata shi ne a koya masa gane alamun farko, ya harɗe ƙafafu ya ɗaure tsoka, ko ya yi maza ya kwanta. Waɗannan duk sun cancanci su ji kalmar "za ka warke" ƙarara, ba tare da kwana-kwana ba.

A kan POTS zan ɗan daɗe, don nan ne gidana. Ronald Schondorf da Phillip Low na asibitin Mayo a Amurka su suka fitar da sunan a 1993, amma larurar ta girmi sunan. Tun 1871 Jacob Da Costa ya bayyana sojojin yaƙin basasar Amurka da zuciyarsu ke harzuƙa da ɗan motsi kaɗan, kuma masana da yawa na ganin wasunsu wannan ciwon ne ke damunsu. Na kawo sojoji ne da gangan, saboda masu ɗaukar abin a matsayin shagwaɓar 'yan mata. Gaskiya ne mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, galibi tsakanin shekara 15 da 50, amma ƙa'idar gane shi lamba ce, ba ra'ayi ba: bugun zuciya ya ƙaru da 30 ko fiye cikin minti goma na tsayuwa, ko 40 ga 'yan shekara 12 zuwa 19, ba tare da jini ya sauka ba, kuma alamun sun ɗauki watanni. Agogo da ma'aunin jini sun isa a fara. Duk da haka, a wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya ji ta bakin majinyata 4,835, fiye da kashi uku cikin huɗu sun ce an taɓa ce musu matsalarsu ta tunani ce kafin a gano ainihin ciwon. Da na karanta wannan sai na gane ba mu kaɗai ba ne, kuma ba muguntar wani likita ba ce. Gurbi ne a cikin horon da ake bayarwa, shi ya sa na haɗa da malamanku a wannan wasiƙa.

To, ana warkewa? Ga abin da ya kamata a ce wa 'yata ran nan. Asibitin Mayo ya bi sawun matasan da ya gano musu POTS suna tsakanin shekara 13 da 18, mutum 172 suka amsa, kimanin shekara biyar bayan gano ciwon, aka wallafa sakamakon a 2016. Kashi 19 cikin ɗari sun ce ciwon ya tafi kwata-kwata. Kashi 51 sun ce yana nan amma sun sami sauƙi. Kashi 16 sun ce yakan zo ya tafi. Sauran ba su ga canji ba, ko abin ya ƙaru. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na waɗanda aka aika wa tambayoyin suka amsa, don haka ba lamba ce da za a rantse a kanta ba, kuma wanda ciwon ya kama da girmansa yakan fi daɗewa da shi. Amma ku dubi tazarar da ke tsakanin wannan bayani da "sai haƙuri". Yarinya ta ji cewa mafi yawan irinta suna samun sauƙi, ɗaya cikin biyar na rabuwa da shi baki ɗaya, kuma ba ciwo ne da aka san shi da kisa ba. Wannan gaskiya ce, kuma gaskiyar da za ta iya tashi ta yi aiki da ita.

Aikin kuwa akwai shi. Ruwa lita biyu zuwa uku a rana, ƙarin gishiri da kan kai giram 10 ga wanda ba shi da hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya, safa mai matsewa har ƙugu, magungunan rage gudun zuciya ko na tsuke hanyoyin jini irin midodirin idan an buƙata. Sai motsa jiki, wanda shi ne mafi wuya kuma mafi amfani a wurinmu. Qi Fu da Benjamin Levine a Dallas sun nuna a 2010 cewa zuciyar masu wannan ciwo kan ƙanƙance, jininsu ya ragu, kuma daga cikin mutum 19 da suka kammala horon wata uku, 10 sun fita daga ƙa'idar ciwon. Dabarar ita ce a fara a zaune ko a kishingiɗe, da keken motsa jiki na kishingiɗa, ko injin tuƙin kwalekwale, ko iyo, sai daga baya a miƙe. Da aka gwada tsarin a kan mutane 251 a wurare daban-daban, 103 ne kawai suka kai ƙarshe, kuma kashi 71 cikin ɗari na waɗannan sun fita daga ƙa'idar. Ku lura da waɗanda suka zube a hanya, sun fi rabi. Na san dalili, don na gani da idona. Makon farko 'yata minti biyar take yi a kan keken, ta sauko ta kwanta a ƙasa tana hawaye, ƙafafunta a kan kujera. Watan farko jiki yakan ƙara tsanani kafin ya saki. Da ba mu karanta haka ba, da mun bari a mako na biyu muna zaton cutar da ita muke yi. Jimla ɗaya daga bakinku za ta riƙe mutane da yawa a kan hanya.

Sai dai a nan ma kada a yi kuɗin goro. Akwai masu wata irin gajiya da ke kwantar da su kwana biyu ko uku bayan ɗan ƙoƙari kaɗan, irin wadda aka riƙa gani sosai tun 2020 a wurin waɗanda korona ta bari da jinya. Su tura su motsa jiki da ƙarfi illa ce. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar ƙara motsa jiki mataki-mataki ga masu ciwon gajiya mai ɗorewa a 2021. Ku tambayi majinyaci yadda yake kwana bayan ya yi aiki kafin ku rubuta masa jadawali.

Wasu kuma garkuwar jikinsu ce ta juya ta far wa jijiyoyin. A cutar Guillain-Barré, wadda aka bayyana a 1916, har kashi biyu cikin uku na majinyata jini da bugun zuciya kan riƙa hawa da sauka ba ƙaƙƙautawa, kuma hakan na iya kisa a makonnin farko. Amma wanda aka riƙe da kyau ya haye wannan siratsi, galibi yakan murmure, kimanin takwas cikin goma na tafiya da ƙafarsu bayan wata shida. Akwai kuma wadda garkuwa ke toshe mahaɗun jijiyoyin kansu, wadda Steven Vernino da abokan aikinsa suka nuna alamarta a jini a shekarar 2000. Lafiyayyen mutum cikin 'yan makonni sai ya daina gumi, baki ya bushe, ciki ya tsaya, jini ya riƙa sauka. Ita tana jin maganin kwantar da garkuwa da wankin ruwan jini, ko da yake sau da yawa sauƙin ba ya cika. Jijiyar da ke wajen ƙwaƙwalwa da laka tana iya sake tsirowa, kimanin milimita ɗaya a rana. Wanda ya san wannan lissafi ba zai yanke ƙauna a wata na uku ba.

Yanzu ga yayana. Ciwon suga na cikin manyan abubuwan da ke lalata waɗannan jijiyoyi a duniya, kuma a ɓoye yake yi. Shekaru yana cewa loma kaɗan ke ƙosar da shi, gumi na keto masa a fuska in yana cin abinci alhali ƙafafunsa a bushe, zuciyarsa na gudu ko yana hutawa. Maganar raunin mazakuta kuwa kunya ta hana shi faɗa, ba wanda ya tambaya. Kowace ziyara a duba suga, a ƙara magani, a ce ya dawo bayan wata uku. Ran da ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki da asuba, ya fasa goshi, ran nan aka fara auna jininsa a tsaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan ba karin magana kaɗai ba ne a nan, an auna an gani. Babban binciken DCCT da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 a kan mutum 1,441 masu ciwon suga nau'i na ɗaya ya nuna cewa tsare suga da kyau ya rage lalacewar jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya da kusan rabi. Binciken Steno-2 a Denmak, a kan mutum 160 masu nau'i na biyu, ya haɗa tsare suga da hawan jini da kitsen jini da gyaran rayuwa, ya rage haɗarin da wajen kashi 60 cikin ɗari. Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka na cewa a fara neman alamun tun ranar da aka gano nau'i na biyu, ko bayan shekara biyar ga mai nau'i na ɗaya. Idan ɓarnar ta yi nisa, da wuya ta koma baya, kuma tana zuwa da haɗura biyu da dole a faɗa wa mutum: suga na iya faɗuwa bai ji rawar jiki ko gumin gargaɗi ba, kuma ciwon zuciya na iya kama shi bai ji zafin ƙirji ba. Garaje wajen sauko da sugar da ta daɗe a sama shi ma yana iya ƙona jijiyoyin, don haka a hankali ake bi.

Duk da haka ba a rasa abin yi ba. Da muka dace da likitar da ta zauna da shi, ta cire masa magani ɗaya, ta mayar da wani zuwa dare. Ta ce a ɗaga kan gadonsa da kimanin santimita 15, ya sha rabin lita na ruwa kafin ya sauko da safe, ya ɗaura ɗamarar ciki, ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan. Ta ba shi midodirin, ta gargaɗe shi kada ya sha dab da kwanciya, don jinin da ke sauka a tsaye yakan hau a kwance. Ta dube shi ta ce, "Yallaɓai, jijiyoyin ba za su dawo ba. Amma faɗuwar nan za mu iya hana ta, kuma abin da ya rage za mu tsare shi." Ya fi shekara bai faɗi ba. Na ga yadda fuskarsa ta saki ran nan, alhali labarin da ta ba shi ba mai daɗi ba ne.

Akwai inda gaskiyar ta fi haka ɗaci, kuma a nan ne na ga an fi gudun ta. A bencin jira na haɗu da wata baiwar Allah da ke turo mijinta a keke. Fitsari ya fara gagarar sa, sai suma, sai tafiya ta rikice, sai murya ta shaƙe. An rubuta MSA a katinsa, wata cuta mai lalata sassan ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da waɗannan jijiyoyi da motsin jiki, ba wanda ya fassara mata. Da tsakar dare ta nemi haruffan nan uku a wayarta, ita kaɗai, shi yana barci a gefenta, ta karanta cewa mafi yawan masu wannan cuta kan rayu shekara shida zuwa goma daga fara alamu. Milton Shy da Glenn Drager sun bayyana ta tun 1960, har yanzu babu maganin da ke tsayar da ita. Na san nauyin faɗar irin wannan magana, ba na raina shi. Amma bai kamata mace ta ji ta daga waya cikin duhu ba. Mutumin nan yana da haƙƙin sanin lokacinsa gwargwadon abin da ilimi ya kai, don ya shirya iyalinsa, ya sauke nauyin da ke kansa, ya faɗi irin jinyar da yake so tun muryarsa na fita. Matarsa kuma tana buƙatar a gaya mata cewa wani irin ƙara mai kaifi a numfashinsa da dare, da shaƙewa wajen haɗiya, alamu ne da ba a jira da su.

Kusa da ita akwai wadda ke tsayawa a kan waɗannan jijiyoyi kaɗai, wadda Bradbury da Eggleston suka bayyana a 1925. Ita tana tafiya a hankali, mutum na iya shekaru masu yawa da ita. Amma wani bincike na 2017 ya ga kusan ɗaya cikin uku sun rikiɗe zuwa cutar Parkinson mai sa karkarwa da sanƙarewar jiki, ko wani nau'in gigin tsufa, ko MSA cikin shekara huɗu. Mai irin wannan, amsar gaskiya gare shi ita ce za a riƙa duba shi a kai a kai, kuma ga alamun da za a sa wa ido, irin dushewar jin ƙamshi da naushi ko shuri cikin mafarki.

Kuma ku riƙa tunawa cewa "ba magani" magana ce mai kwanan wata. Corino de Andrade ya bayyana wata cutar gado a Fotugal a 1952, inda wani furotin da hanta ke yi yake taruwa a jijiyoyi, ya kashe mutum cikin kimanin shekara goma. An fara dashen hanta saboda ita a 1990, Turai ta amince da maganin tafamidis a 2011, a 2018 aka samu magungunan da ke hana hanta yin furotin ɗin tun daga tushe. Yau wanda aka gano da wuri ana iya rage wa cutar gudu ƙwarai, wasu ma a tsayar da ita, wanda aka yi wa "sai haƙuri" kuwa zai rasa wannan dama. Cutar gadon da Riley da Day suka bayyana a 1949, wadda yara ke kuka ba hawaye, a da rabin masu ita ba sa kai shekara biyar. Har yanzu ba a warkar da ita, amma kyakkyawar kulawa ta sa kusan rabi na kai shekara 40.

Harshenmu ya raba warkewa da samun sauƙi, ya raba jinya da lallaɓawa, kuma majinyaci ya san bambancin. Ku yi amfani da kalmar da ta dace da shi. Ku kuma sani cewa in kun ce "yaya jiki" zai ce "da sauƙi" ko da rarrafe ya shigo, ladabi ne. Ku tambaye shi minti nawa yake iya tsayawa, sau nawa ya faɗi a watan nan, ko yana iya wanka a tsaye, ko ya koma aiki. Da waɗannan ake gane ko ana gaba ko ana baya. Na san layi dogo ne, lokaci kaɗan ne, wani lokaci ku kaɗai ne a kan mutum hamsin. Abin da nake roƙo bai wuce minti goma na awo a kwance da a tsaye ba, da zazzage ledar magani a kan tebur, da sunan ciwon a rubuce a takarda yadda mutum zai iya karantawa. In sunan bai fito ba tukuna, ku ce ana kan nema, ga abin da aka kawar, ga ranar dawowa. In ya fito, ku ba da lissafin yadda yake, mai daɗi da marar daɗi, ku bar mutum ya ɗauka gwargwadon ƙarfinsa. Malamai kuma, don Allah kada ɗalibi ya fita daga hannunku bai taɓa tsayar da majinyaci ya ƙirga bugun zuciyarsa da agogo ba.

'Yata yanzu shekararta 20. Ba ta cikin kashi 19 ɗin nan, tana cikin 51. Gorar ruwa ba ta barin jakarta, ranar doguwar tsayuwa takan sa safar matsi, kuma in zafi ya tsananta ko mura ta kama ta, jirin kan leƙo na kwana biyu ya koma. Wata mai zuwa tana da ganawa da ɗayanku. Ta rubuta tambayoyi uku a 'yar takarda ta soke a bayan wayarta: ko lokaci ya yi da za a gwada rage maganin, ko ciwon zai shafi haihuwa in ta yi aure, da ko zai iya dawowa da ƙarfinsa na da. Duk wanda layinta ya faɗo a kansa, ina roƙonsa ya ajiye biro ya karɓi takardar ya karanta kafin ya rufe fayil.

Allah ya ƙara muku basira da lafiya.

Naku,
Mahaifin wata majinyaciya